Cikin Mutum Nawa? Fashin Baƙi Kan Ƙididdiga a Harkar Lafiya a Jihar Bauchi

A duk ƙarshen wata, a ƙananan asibitocin da ke ƙauyuka da unguwannin Jihar Bauchi, akwai wani aiki da marar lafiya ba ya gani. Bayan an sallami masu awon ciki da masu kawo yara rigakafi, ma'aikaciyar lafiya takan jawo manyan littattafan rajista, na masu ciki daban, na haihuwa daban, na rigakafi daban, ta bi su layi-layi tana ƙirgawa, sannan ta kwashe jimillar ta zuba a takardar rahoton wata. Takardar nan ake kaiwa sakatariyar ƙaramar hukuma, inda jami'in tattara bayanai zai shigar da ita cikin manhajar DHIS2, wadda aka ƙirƙira a Jami'ar Oslo, kuma Najeriya ta ɗauke ta a matsayin rumbun alƙaluman lafiyarta. Daga nan alƙaluman su wuce jiha, su isa Abuja, kuma suna cikin abin da ake dubawa kafin a yanke yawan magani da allurar rigakafin da za a turo. Tushen ƙididdigar lafiya ke nan: biro, da rajista, da ma'aikaciyar da ta wuni a tsaye.

Lissafin da ke cikin wannan aiki bai fi ƙarfin ɗan aji shida na firamare ba, domin tarawa ce da rabawa. Inda gizo ke saƙar shi ne sanin da me za a raba. A ɗauka an ce yara 40 sun kamu da ƙyanda a wani gari, 25 kuma a wani. Duk wanda ya ji zai ce a fara kai ɗauki garin farko. To amma idan garin farko yana da yara 20,000, na biyun kuma 2,500 kacal, lissafi ya juye, domin a na farko yara 2 ne suka kamu cikin kowane 1,000, a na biyu kuwa 10 ne cikin 1,000, wato cutar ta fi ƙarfi sau biyar a inda aka samu adadi kaɗan. Saboda haka kowane adadi mai ma'ana a harkar lafiya hawa biyu gare shi. Akwai na sama, wato waɗanda abin ya sama, akwai kuma na ƙasa, wato dukan waɗanda abin zai iya samu. Adadin sama shi ne ake jin sa a rediyo, na ƙasa kuwa sai mutum ya tambaya: cikin mutum nawa?

Darasin ya daɗe. A annobar kwalara ta 1854 a birnin Landan, likita John Snow ya yi suna ne da taswirar gidajen mamata da ya zana kewaye da wani famfo, amma aikinsa da ya fi nauyi shi ne kwatanta kamfanoni biyu masu kai wa gidaje ruwa. Ɗaya yana ɗebo ruwa daga sashen kogin da ƙazantar gari ke kwarara ciki, ɗayan kuwa ya riga ya mayar da wurin ɗibarsa can sama da birni. A makonni bakwai na farko, mutum 1,263 suka mutu a gidajen kamfanin farko, 98 a gidajen na biyu. Da ya tsaya a nan, da an ce masa ai kamfanin farko ya fi yawan gidaje. Sai ya raba da yawan gidajen, ya samu mutuwa 315 cikin kowane gida 10,000 a ɓangare ɗaya, 37 a ɗayan, a zamanin da yawancin likitoci suka tafi a kan cewa gurɓatacciyar iska ce ke kawo cutar.

A wurinmu, adadin ƙasan nan ne ya fi rauni. Ƙidayar jama'a ta 2006 ta ba Najeriya mutum miliyan 140 da ɗoriya, Jihar Bauchi kimanin miliyan 4.65, Jihar Gombe kuma, wadda aka cire daga Bauchi a 1996, kimanin miliyan 2.36. Ƙidayar da aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Don haka yawan jama'ar da aka rubuta aka liƙa a bangon ƙaramin asibiti hasashe ne: an ɗauki na 2006 ana ƙara masa kashi 3 da ɗoriya cikin 100 kowace shekara, sannan a rarraba wa ƙananan hukumomi 20 da mazaɓunsu, tamkar kowane gari yana girma daidai da ɗan'uwansa. Alhali unguwannin gefen garin Bauchi da na Azare sun cika sun batse, iyalai da dama sun yo hijira daga Borno da Yobe lokacin rikicin Boko Haram, makiyaya kuma suna sauka suna tashi bisa ga ruwa da ciyawa. Daga wannan hasashen ake cire kashi 4 cikin 100 a ce su ne jariran da ba su kai shekara ba, kashi 5 masu juna biyu, kashi 20 yara 'yan ƙasa da shekara biyar.

Ga yadda abin ke aiki a zahiri. A bangon ɗakin rigakafi akan ga wata takarda mai gidaje-gidaje, watanni 12 a jere ta ƙasa, an ja layi daga kusurwar ƙasa ta hagu zuwa kusurwar sama ta dama. Layin nan shi ne buri. Kowane wata ma'aikaciya takan tara yaran da ta yi wa allura da na watannin baya, ta ɗiga ɗigo, ta haɗa shi da na watan jiya. In ɗigonta na tafiya tare da layi, ta san tana kan hanya, in ya faɗo ƙasa, ta san akwai yaran da ba su zo ba. A ɗauka an ce mata yankinta yana da mutum 10,000, ke nan jarirai 400 a shekara. Ta yi wa 288 allurar Penta (rigakafin cututtuka biyar a allura ɗaya) ta uku, sai rahoto ya nuna ta kai kashi 72 cikin 100, a yaba mata. Amma idan ainihin mutanen yankin sun kai 14,000, jariran 560 ne, kuma abin da ta kai bai wuce kashi 51 ba. Babu ƙarya ko ɗaya a rajistarta, kuskuren a adadin ƙasa yake. Wannan ne kuma dalilin da ya sa wani lokaci akan ga rahoton da ke cewa an yi wa kashi 120 cikin 100 na yara rigakafi, abin da hankali ba zai ɗauka ba, sai dai in yaran sun fi yadda aka ƙiyasta, ko ana kawo su daga maƙwabtan garuruwa, ko an ƙirga wasu sau biyu.

Akwai wani lissafi da na fi amincewa da shi, domin bai dogara da ƙidaya ba ko kaɗan. Allurar Penta sau uku ake yin ta, a mako na 6 da na 10 da na 14 bayan haihuwa. In yara 360 suka karɓi ta farko, 288 suka karɓi ta uku, 72 sun zube a hanya, wato kashi 20 cikin 100, kuma ƙa'idar da ake bi ita ce duk abin da ya haura kashi 10 alama ce ta matsala. Adadi biyun duk daga rajista ɗaya suka fito. Fa'idarsa ita ce yana nuna irin matsalar. In tun farko yara kaɗan ne ke zuwa, a duba nisa, ko hanya, ko rashin amincewar magidanta. In suna zuwa da yawa sai su daina, a duba cikin asibitin: ko uwa ta zo ta tarar babu allura, ko an bar ta a layi har azahar, ko yaro ya yi zazzaɓi bayan ta farko babu wanda ya yi mata bayani tun da wuri.

Rajista tana ganin wanda ya zo ne kawai. Domin a san halin wanda bai zo ba ake bi gida-gida da binciken jama'a da lafiya, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke gudanarwa kusan duk shekara biyar. A na 2018 an shiga gidaje kimanin 40,000 a duk faɗin ƙasa, aka samu cewa kashi 31 cikin 100 ne kawai na yara masu wata 12 zuwa 23 suka kammala manyan alluran rigakafi, kashi 39 na haihuwa ne aka yi a asibiti, yara 132 cikin kowane 1,000 kuma suna rasuwa kafin su cika shekara biyar. Mutum zai iya cewa yaya gida 40,000 zai wakilci ƙasa guda. Mai sayen hatsi a kasuwar Muda Lawal ba ya zazzage buhu, soka shi yake yi ta sama da tsakiya da ƙasa ya duba abin da ya fito, kuma in buhun ya cakuɗu, ɗan abin da ke tafinsa ya ishe shi shaida. Sharaɗin shi ne zaɓen gidajen ya kasance ta ƙuri'a, ta yadda gidan da ke bayan dutse a Ningi yana da damar shiga kamar gidan da ke bakin titi. Duk da haka samfur ba ya ba da amsa cif-cif. Binciken ya ƙiyasta mutuwar mata 512 sanadin ciki da haihuwa cikin kowace haihuwa 100,000, amma ya sanya iyaka daga 447 zuwa 578. Wanda ya ga adadi ya sauka daga 512 zuwa 490 a wani binciken, ya yi shelar an samu ci gaba, ya yi gaggawa, domin bambancin bai fita daga cikin wannan tazara ba.

Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno, ya shafe mu kai tsaye, domin Bauchi tana cikin jihohin da suka fi yawan masu kamuwa, tare da Ondo da Edo, musamman da rani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi 80 cikin 100 na waɗanda ƙwayar ta shiga jikinsu ba sa nuna alama ko kuma alamar ba ta tsananta, kuma in an haɗa kowa da kowa, kimanin mutum 1 cikin 100 ne ke mutuwa, amma cikin waɗanda cutar ta tsananta har aka kwantar, adadin ya kai kimanin 15 cikin 100. Duka biyun gaskiya ne, abin da aka raba da shi ne ya bambanta. In aka ji adadin mutuwa ya hau a wata shekara, yana iya zama mutane suna makara kafin su zo asibiti, yana kuma iya zama gwajin ne ya taƙaita ga waɗanda suka galabaita. Maganin kowanne daban ne. Irin wannan ne ma ke sa a yi wa babban asibiti mummunar fahimta. Asibitin koyarwa dole ya fi ɗakin shan magani yawan mutuwa, tunda can ake tura wanda abin ya gagara, kuma duk kwatancen da bai lura da tsananin ciwon waɗanda aka kawo ba zalunci ne ga ma'aikatansa.

Ƙididdiga ce kuma ke faɗin lokacin da cuta ta tashi daga abin da aka saba ta zama annoba. Arewacin Najeriya yana cikin yankin sanƙarau na Afirka, kuma a annobar 1996 sama da mutum 100,000 suka kamu a ƙasar nan, fiye da 11,000 suka rasu. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce, a yankin da ke da mutum 30,000 zuwa 100,000, in aka samu waɗanda ake zargin sun kamu su 3 cikin kowane 100,000 a mako guda, a shiga shiri, in sun kai 10, annoba ta ɓarke. A yankin da bai kai mutum 30,000 ba, mutum 2 a mako sun isa a farga, 5 kuma annoba ce. Wannan ne ya sa rahoton cututtuka masu yaɗuwa na mako-mako ne, kuma ana buƙatar a aika shi ko da babu kowa, a rubuta sifili, domin asibitin da ya yi shiru ba a san ko lafiya ce ko mantuwa ba.

Batun sifilin nan ya fi fitowa fili a yaƙi da shan inna. An tabbatar wa nahiyar Afirka rabuwa da ƙwayar cutar ta asali a watan Agustan 2020, shekara huɗu bayan ganin ta na ƙarshe a Jihar Borno a 2016. Amma ta yaya ake gaskata wanda ya ce bai ga cuta ba, alhali ƙila bai duba ba ne? Dabarar ita ce, akwai wasu cututtukan da ke shanye gaɓoɓin yaro farat ɗaya waɗanda ba shan inna ba, kuma ba sa ƙarewa a cikin al'umma. Sai aka ce dole kowane yanki ya riƙa gano aƙalla irin waɗannan yara 2 cikin kowane 100,000 na 'yan ƙasa da shekara 15 a shekara, a ɗauki bayan gidansu sau biyu a kai ɗakin gwaji. Yankin da ke kawo wannan adadi, gwaji kuma na nuna babu ƙwayar, sifilinsa abin yarda ne. Yankin da bai kawo kowa ba, shi ake komawa a bincika.

Hatta sakamakon gwajin mutum ɗaya yana da adadin ƙasa a ɓoye. A ɗauka akwai gwajin da ke kama 9 cikin 10 na masu cuta, yana kuma yin kuskure a kan 5 cikin 100 na masu lafiya. In aka gwada mutum 1,000 waɗanda 10 ne kawai ke da cutar, zai kama 9 na gaskiya, ya haɗa da kimanin 50 da lafiyarsu lau, ke nan cikin mutum 59 da aka ce suna da ita, 9 ne kawai ke da ita. In kuwa 300 ne ke da cutar cikin 1,000, zai kama 270 na gaskiya da 35 na kuskure. Gwaji ɗaya ne, amma nauyin sakamakonsa ya sauya saboda yawan cutar a cikin waɗanda aka gwada. Wani binciken ƙasa na daban da aka yi a 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, don haka a gwajin kafin aure, inda galibin masu zuwa lafiyayyu ne, ƙa'ida ita ce ba a yanke hukunci da gwaji guda sai an tabbatar da wani iri daban. Iyayen da suka rushe baiko kan sakamakon farko, ba tare da tabbatarwa ba, sun ɗora wa gwajin abin da ba zai iya ɗauka ba.

Matsakaici ma yana da nasa tarko, ko da yake bayaninsa gajere ne. Majinyata 9 sun yi kwana uku-uku, na goma ya yi kwana 60, matsakaicin ya zama kwana 8.7, adadin da bai dace da ko ɗaya daga cikinsu ba. In aka jera su aka ɗauki na tsakiya, kwana 3 ne, kuma shi ya fi kusa da abin da ke faruwa a ɗakin.

Adadin sama shi ma ba ya samuwa cikin sauƙi. A wurin awon yara, ma'aikaciya takan tambayi tsohuwar da ta kawo jikanta, «Iya, watansa nawa?» Tsohuwa ta ce ita dai ta san ya fara rarrafe. Sai a koma lalube: «Da azumi aka haife shi, ko bayan sallar layya? An fara girbin gero?» Da haka ake kusantar shekarun, domin binciken jama'a da lafiya na 2018 ya nuna kashi 43 cikin 100 ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa. Wannan na cikin abin da ya sa zaren awon damtse ya karɓu. Ana zagaya shi a tsakiyar damtsen yaro mai wata 6 zuwa 59, in ya faɗa kan ja, ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, in ruwan ɗorawa ne, tsakanin 11.5 da 12.5, ta fara kama shi. Sai dai in an matse zaren ko an sassauta da ɗan kaɗan, yaro ya sauya rukuni, kuma irin wannan ɗan kaɗan ɗin ne ke taruwa ya zama adadin jiha. Ga kuma matsin lamba. Duk inda aka mayar da rahoto ma'aunin yabo da tsawa, inda mai adadi kaɗan ke shan faɗa a gaban taro, to za a fara samun rahotanni masu kyau fiye da kima, kuma a ganina laifin mai tsawar ya fi na mai biron.

Babban giɓin da ya rage shi ne mutuwa. A al'adarmu da addininmu, wanda ya rasu da safe a gida akan yi masa sutura kafin la'asar, babu takardar likita, babu wanda ya rubuta sanadi. Matar da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa a ɗakinta, ta cika kafin a samo mota, ba ta cikin rajistar kowane asibiti. Shi ya sa adadin 512 ɗin nan ba daga asibiti aka samo shi ba, mata aka bi ana tambaya game da 'yan'uwansu mata da suke ciki ɗaya: su nawa ne, nawa suka rasu, kuma ko suna da ciki, ko suna naƙuda, ko suna cikin jego lokacin rasuwar. Hanyar tana ba da hoton ƙasa baki ɗaya na shekarun da suka wuce, amma ba za ta gaya wa shugaban sashen lafiya na Darazo ko Gamawa mata nawa ya rasa a bana ba. Wanda ke da wannan labari shi ne mai unguwa da aka sanar da shi, da limamin da ya sallaci gawar, da ungozomar da ta karɓi haihuwar. Tsarin bibiyar mutuwar mata masu haihuwa da jarirai da ake gudanarwa a asibitoci an gina shi ne a kan cewa ba a neman mai laifi, sanadi ake nema, kuma faɗaɗa shi zuwa cikin gari yana nufin a je gidan bayan an share makoki, a yi gaisuwa, a zauna da mijin ko uwar mamaciyar, a tambayi yaushe ciwon ya fara, awa nawa aka ɗauka kafin a yanke shawarar tafiya asibiti, da abin da ya tsayar da su a hanya.